Idan ɗai-ɗai ake sarar itacen, ina kurmin ya tafi?

ƊalibarTaswira ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ɗaliba ce ni a ajin ƙarshe, fannin labarin ƙasa, kuma aikin kammala karatuna a kan raguwar kurmi ne a gandayen dajin da gwamnatoci suka keɓe a ƙasashen da ake tafka ruwan sama. Wata guda ke nan ina gaban kwamfuta ina duba taswirar Global Forest Watch, wadda ke shafa launin hoda a duk inda bishiyoyi suka ɓace tun daga 2001. Akwai abin da ya ɗaure min kai. Na tambayi malamina ya ce in je in karanta, na karanta, kan ya ƙara ɗaurewa.

Duk takardar da na buɗe cewa take a irin waɗannan gandaye ba a yi wa daji aski, zaɓe ake yi. Kamfani ya karɓi lasisi, ya shiga ya tsinci manyan bishiyoyi masu katako mai daraja, a kurmin Afirka ma sau da yawa ɗaya ko biyu a hekta, ya bar saura a tsaye ya fita, sai bayan shekara 25 ko 30 ko 40 a sake dawowa. Hekta guda ta kurmi kuwa tana ɗauke da bishiyoyi 400 zuwa 600. Cire biyu daga 500 ai kamar a ɗebi ruwa da cokali ne a randa.

Amma abin da idona ya gani daban. Na ɗauki wani gandu na riƙa jan shekarun ɗaya bayan ɗaya. A 2002 kore ne shar. Wajen 2005 sai ga wasu siraran layuka kamar zare sun kutsa ciki. A 2012 hodar ta fara fesowa gefen zaren kamar ƙyanda. Zuwa 2020 rabin ɓangaren kudu ya tafi. Iyakar gandun tana nan a taswira, ba wanda ya goge ta, dajin ne babu.

To a rahotona wa zan rubuta ya cinye? Masu katako, manoma, ko gobara? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan daji da ƙafarsa ya taimaka, littafi ya gajiyar da ni.

TsohonMalaminDaji ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ke riƙe da wayar, ina faɗa yana rubutawa, in kin ga kuskure ki ɗora masa.

Shekara 19 na yi ina aikin ƙidayar itace a kurmi. Mu ne ke shiga kafin kowa. Yara biyu a gaba da adda suna sare layi, ɗaya riƙe da kamfas, ni kuma da tef da gwangwanin fenti da littafi. Duk bishiyar da kaurinta ya kai ƙa'ida sai in auna ta, in rubuta mata lamba a jiki, in sa ta a littafi. Waɗanda za a bari don iri mu yi musu zobe da jan fenti, wato ba a taɓa su. Lissafinki na biyu cikin 500 daidai yake a littafina. A ƙasa ba haka abin yake ba, bari in kai ki gindin guda ɗaya.

Ki ɗauki madacin kurmi ko loko wanda ya kai mita 45. Saiwoyinsa na gindi sun fito kamar katanga, sun fi ni tsawo, sai mai inji ya fara datse su kafin ya kai ga jikin. A can sama kuma kansa ba shi kaɗai yake ba. Akwai igiyoyin daji, wasu kaurinsu ya kai cinyar mutum, sun ɗaure shi da kawunan maƙwabtansa huɗu ko biyar. In zai tafi da su yake tafiya. Za ki ji tas-tas-tas a sama tun gangar jikin ba ta gama karkata ba, rassan maƙwabta ke nan suna karyewa, sai ƙasa ta girgiza har cikin haƙoranki. Daga nan shiru, ganye na ta zubowa. Sai ki ga rana fal a ƙasa, a wurin da ƙila tun kafin a haifi kakana ba ta sauka ba. Wata rana aka sa ni ƙirga ɓarnar bishiya guda, na samu 23, tsakanin wadda ta karye, wadda ta tsage da wadda ɓawonta ya saɓule. Ko ɗaya ba ta shiga lissafin kamfani ba, tunda ba a ɗauke ta ba.

Sannan katafila ta zo jan gungumen. In direban ba shi da taswira, kuma yawanci ba shi da ita, yawo yake yi yana neman inda aka kayar, duk abin da ya tare shi ya ture. Inda ta bi sau goma ƙasa ta daɓe, ruwa ba ya shiga, sai ya bi sawunta ya yi zaizaya.

Duk da haka wannan rauni ne, ba ajali ba. Na ga wuraren da muka sara aka rufe, bayan shekara 5 wata bishiya mai saurin girma, mai ganye kamar laima, ta cike gurbin, bayan 15 baƙo ba zai ce an taɓa shiga ba. Abin da ke kashe gandu shi ne zaren nan da kika gani a 2005. Hanya ce.

Hanyar tirelar katako ba 'yar ƙarama ba ce. A zuba mata marmara, a sare gefe da gefe sosai don rana ta riƙa busar da ita, a yi gada da gungume a kan kowane rafi. A ƙa'ida ranar da kamfani ya gama sai ya karya gadojin, ya haƙa rami a bakin hanyar. A wani gandu da muka gama, manajan ya ce katafilar ta riga ta hau mota, ba zai sauke ta ya ƙona mai saboda gada uku ba. Mutanen ƙauyukan gefe ma suka roƙa a bar musu, kuma da gaskiyarsu, ta kan gadar nan suke fitar da mai naƙuda zuwa asibiti. Aka miƙo min takarda cewa an rufe hanya, na sa hannu. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Mafarauta ne suka fara shiga, a kan babur, da tarkon waya. Kafin shekara biyu dajin ya yi tsit, birai da gada da manyan tsuntsayen da ke cin 'ya'yan itace su kai irin nesa duk sun yi ƙaranci. Bayansu masu ƙaramin inji, su uku-uku, ba lasisi ba komai. Su ba sa jan gungume, inda ya faɗi nan suke tsaga shi katako, 'yan dako su fito da shi a ka zuwa bakin hanyarmu. Waɗanda ba su kai ƙa'ida ba, da muka bari don zagaye na gaba, su suka fara yi. Masu jan zoben nan kuwa, iyayen iri, ai mun hutar da su nema, mu da kanmu muka yi musu alama. Sai manomi. Shi ba ya farawa daga baki inda ma'aikaci zai gan shi, can ciki yake shigewa, ya share ƙasan, ya dasa koko da ayaba a inuwa, ya hura wuta a gindin manyan bishiyoyin su mutu a tsaye sannu a hankali. Daga sama shekara biyu ko uku kore ake gani. Ranar da hodarki ta fito a taswira, gonar ta daɗe da kama ƙasa.

Abu_Fatima ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ni ban taɓa riƙe gwangwanin fenti ba, aikina hotunan tauraron ɗan'adam ne, amma abin da Baba ya faɗa shi muke gani daga sama, sai dai mu a makare muke gani.

Ƙanwata, taswirar da kike dubawa daga hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat aka haɗa ta, Matthew Hansen da abokan aikinsa na Jami'ar Maryland a Amurka suka fara fitar da ita a 2013. Kowane ɗigo a cikinta mita 30 ne a tsaye, 30 a kwance. Ramin da bishiya guda ta bari a rufin daji sau da yawa bai cika ɗigo ɗaya ba, ga gajimare da ke rufe waɗannan wurare mafi yawan shekara, kafin a samu hoto mai kyau tsiro ya rufe. Shi ya sa sarar zaɓe kusan ba ta fitowa hoda. Hanya ce ke fitowa, da filin da ake tara gungume. Hodar kuma ba ta faɗin dalili, wuta ce ko gatari ko guguwa duk launi ɗaya take ba su.

Brazil ta sha wannan makantar. Hukumarta ta binciken sararin samaniya, INPE, tana auna dajin Amazon da aka share tun 1988, amma wanda aka yi wa ƙwal kawai take ƙirgawa. A 2005 Gregory Asner da tawagarsa suka tace hotunan da wata dabara, suka gano cewa tsakanin 1999 da 2002 sarar zaɓe tana taɓa murabba'in kilomita 12,000 zuwa kusan 20,000 kowace shekara, wanda bai shiga lissafin ba. Da suka bi sawun wuraren, kusan kashi ɗaya cikin uku an share su gaba ɗaya cikin shekara 4. Wani bincike na 2014 kuma ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na dajin Amazon da aka share yana cikin kilomita 5.5 daga hanya, ko kilomita 1 daga kogin da jirgi ke bi. Ki buɗe jihar Rondônia ki gani, hanya a tsakiya, filaye sun fito gefe da gefe kamar ƙashin kifi.

Kada kuma kalmar "keɓaɓɓe" ta ruɗe ki. A Kalimantan, ɓangaren Indonesiya na tsibirin Borneo, dazuzzukan kwari da doka ta kare sun ragu da fiye da kashi 56 cikin 100 tsakanin 1985 da 2001. Gandun Gunung Palung kaɗai, wanda ma ba a yarda a sari ko sanda a cikinsa ba, ya rasa kashi 38 cikin 100 na dajin kwarinsa daga 1988 zuwa 2002. Can kuma ba ɗaya ko biyu ake cirewa a hekta ba, ana kai goma har fiye, domin itacen katakon a cunkushe yake.

Baba bai tsaya kan wuta ba, bari in ƙara. Kurmin da ba a taɓa ba jiƙe yake, ko an kunna masa ashana da wuya ya kama. Wanda aka huda rufinsa, rana da iska sun shiga, ga rassan da aka bari a zube sun bushe, jira kawai yake. A lokacin fari na 1997 zuwa 1998 kimanin hekta miliyan 5 suka ƙone a gabashin Kalimantan, kuma dajin da aka sara kwanan baya ya fi wanda ba a taɓa ba cin wuta nesa ba kusa ba. Wanda ya ƙone sau ɗaya kuma ya fi saurin kamawa karo na biyu.

Abu ɗaya da za ki kiyaye wajen rubutu, don masu duba aikinki za su kama ki a nan. A ma'anar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, fili ya wuce rabin hekta, bishiyoyinsa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, to daji ne. Kurmin da aka kwashe manyansa kaf zai iya ci gaba da amsa sunan daji a rahoto. Hekta miliyan 420 da FAO ta ce duniya ta rasa daga 1990 zuwa 2020 na wanda aka mayar gona ko kiwo ko gari ne, lalacewar cikin gandu ba ta ciki. Ki raba biyun a babinki na farko. Don ganin ƙananan ramuka kuma ki nemi hotunan taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, ɗigonsu mita 10 ne, sai dai daga 2015 suka fara.

Kafinta_Mai_Zarto ya rubuta:

Baba ranka ya daɗe, na ji bayaninka kuma ban musa ba. Amma ni da katako nake ci da iyalina shekara 22, bari in faɗi nawa, don na ga kwanon na neman kifewa a kanmu.

Duk wanda ke cikin zauren nan a kan gado ya kwana jiya, rufin ɗakinsa kuma katako ke riƙe da shi. In aka ce a kulle gandu kar a sari komai, buƙatar ba ta mutu ba, ɓoyewa ta yi. Gana ta haramta tsaga katako da injin hannu don sayarwa tun 1998, amma shekara da shekaru bayan haka mafi yawan katakon da ke kasuwanninta na cikin gida daga wannan injin yake fitowa, domin manyan masana'antu waje suke kai nasu. Doka ta hana, kafinta na jira, sai ma'aikacin hanya ya samu abin karɓa.

Na biyu, dajin da ba ya kawo wa hukuma ko sisi shi ake fara yankawa a ba mai gonar kwakwar manja. Na karanta wani nazari na 2012 da ya tattara bincike sama da 100, ya ce bayan sarar zaɓe kashi 85 zuwa 100 cikin 100 na nau'o'in dabbobi da tsirrai suna nan. Gonar manja fa, me ke nan? Gabon ta hana fitar da ɗanyen gungume a 2010, ana sara a can har gobe, kuma kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar daji ne. Kwaddibuwa kuwa, da a da take da daji hekta miliyan 16, yau ba ta kai miliyan 3 cikakku ba, kuma koko ne a cikin gandayen, ba kafintoci ba. Na san Gabon ba ta da yawan jama'a, ban ce gwanintar hukuma ce kaɗai ba.

Inda zan ba Baba gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne girman katako. Da ina samun falle mai faɗin da zai yi saman tebur shi kaɗai. Yanzu sai na haɗa uku, kuma jiƙaƙƙe ne, rabi fari, wato bishiyar ba ta nuna ba aka kayar da ita. Wannan nazarin ma ya ce a zagaye na biyu katakon da ake samu yana raguwa kusan da rabi. Madobiya kuwa, tun da 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata baki sai da aka sa ta a jerin CITES, yarjejeniyar duniya mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2016, madaci da kawo suka bi ta a 2022. A bencina na fara ganin ƙarewarsu kafin in ji a rediyo.

ƊalibarTaswira ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Abu_Fatima, na raba babin kamar yadda ka ce. Malam Kafinta, na sa maganar Gana, ban san da ita ba. Baba, jiya na kwana ina duba layukan nan, sai na lura ba duka suka haifi hoda ba. Na arewa sun dushe sun koma kore wajen 2011, na kudu ne suka yi ta faɗi. Kamfani ɗaya, shekara ɗaya, gandu ɗaya. Ta yaya zan gane bambancinsu daga hoto?

TsohonMalaminDaji ya rubuta:

'Yata ki bar kallon hanyar, ki nemi rafi. Ki bi zaren har inda ya tsallake ruwa. In an karya gadar, ko ambaliya ta tafi da ita ba wanda ya gyara, daga wannan rafin zuwa ciki za ki ga layin ya fara dushewa, cikin shekara 5 ko 6 ya ɓace. In kin ga yana nan fari tas bayan kamfani ya tafi, to akwai taya a kansa. Sai ki duba bakinsa na waje, wane ƙauye ko titi ya taɓa. Ki kuma kula da ƙananan rassa marasa tsari da ke fita daga jikinsa. Na kamfani a miƙe suke, tazararsu daidai, don da kamfas aka ja su. Na masu ƙaramin inji da manoma a karkace suke kamar sawun tururuwa.

Malam Kafinta, ban ɗora maka ba. Akwai sarar da ake yi da hankali, na yi ta shekara 3 ƙarƙashin wani manaja mai tsoron Allah. Mu datse igiyoyin nan tun shekara guda kafin sara don su bushe su saki, mu zana wa kowace bishiya inda za ta faɗi, mu ba direban katafila taswira a hannu. Ɓarnar ta ragu kusan da rabi, da idona na ƙirga. Da aka canja manajan aka koma gidan jiya, wai tana cin lokaci.

Gandun nan da na sa wa hannu, na koma bayan shekara 11, rakiyar wasu baƙi masu bincike. Gadojin uku suna nan, an ma sake wa ta biyu gungume. Muka yi tafiyar awa guda a mota cikin koko. A tsakiyar wata gona na hango wani kututture, na ce a tsaya. Lambar tana jikin saiwarsa, 417, fentin ya koɗe amma rubutuna ne, yadda nake karya wuyan 7 ba wanda ke yi. Mai gonar ya shanya rigarsa a kai, yaro ne bai fi shekara 25 ba. Ya ce da suka zo hanya a buɗe suka tarar, ba su ga kowa ba.

Ki duba ɓangaren kudun nan naki, rafi na farko da na biyu, hoton shekara biyu bayan fitar kamfanin. Ki faɗa wa jikana ko layin ya tsallake.